Damon da Auta Ya Bar Mini

A cikin kwalin takalmi ya shigo gidanmu. Autana ne ya taho da shi daga Jidda wata ranar Juma'a bayan la'asar, ya ajiye kwalin a tsakiyar falo ya ce in zo in ga wani abu. Na zaci turare ne ya sayo mini. Da ya ɗaga murfin sai na ga ƙadangare, tsawonsa bai fi tafin hannu da rabi ba, kansa kore shar, sauran jikin kuwa baƙi da fari kamar saƙar duwatsun ado. Auta ya ce sunansa tegu, daga can wata ƙasa mai yawan ruwan sama ake kawo irinsa. Na ce mu dai a Kano wannan damo ne. Tun daga ranar damo muke ce masa a gidan, har maigidana wanda bai taɓa ganin damon gaske ba.

Ni a Kano aka haife ni, aure ne ya kawo ni Makka tun ina yarinya. Maigidana kuwa haifaffen nan ne, kakansa ne ya zo aikin hajji da ƙafa ya zauna. Ya yi shekaru yana tuƙa motar alhazai a tashar Kudai har ƙarfi ya fara raguwa ya ajiye. A unguwar Shisha muke zaune, a hawa na sama, kuma muna da wani ɗaki guda a rufin bene da muke tara tarkace. Yaranmu duk sun yi aure sun tashi, saura autan, wanda a lokacin yake ƙarasa karatunsa na gyaran injuna. Shi da Larabci yake yi mini magana, ni in ba shi amsa da Hausa, kuma a haka muke fahimtar juna tun yana ƙarami.

Na ce ba za a ajiye mini wannan abu a inda nake salla ba. Mahaifinsa ya ce a ba shi ɗakin sama. Auta ya kwashe tarkacen, ya sa kafinta ya haɗa masa wani katafaren akwatin katako mai ƙofar gilashi da ake turawa gefe, ya zuba ƙasa da ɓawon kwakwa a ciki, ya rataya fitila mai zafi a kusurwa ɗaya, ya ajiye bahon ruwa a ɗaya kusurwar. Saboda zafin Makka har na'urar sanyaya ɗaki, wato mukayyif, sai da aka sa masa. Na ce da maigidana mu da muka yi shekarun farkon aurenmu da fanka ɗaya, yau ga ƙadangare da mukayyif. Ya yi dariya ya ce zamani ne.

Abin ya girma da sauri. Koren kansa ya ɓace, wuyansa ya yi kumatu biyu masu kauri, tsawonsa da wutsiya ya wuce hannun mutum daga kafaɗa zuwa yatsu. Ina hawa rufin bene shanya, don haka nakan leƙa in ga yadda auta yake ba shi abinci. Zai tura gilashin, ya riƙo ƙwai dafaffe ko ƙundun kaza da yatsunsa, ya ɗaga sama, damon ya yi tsalle ya cafke. Wani lokaci ya ja naman a ƙasa yana gudu da shi, damon na binsa, shi kuma yana ɗauka a waya yana tura wa abokansa. Lokacin da abin yake ƙarami kowa dariya yake yi. Ni ma na yi.

Da auta ya gama karatu sai ya samu aiki a garin Yanbu. Masaukin da kamfani ya ba su ɗaki ne na mutum biyu, kuma ba a yarda da dabba ba. Ya nemi wanda zai karɓi damon cikin abokansa, kowa ya ce matarsa ko mahaifiyarsa ba za ta yarda ba. Ana gobe zai tafi ya zauna kusa da ni a kicin ina yanka albasa. Can sai ya ce da Hausarsa mai karyewa, "Ummi, ki riƙe min shi kaɗan. Sai na samu gida."

Da Larabci ya roƙa da wataƙila na ƙi. Na ce to, Allah ya kai ka lafiya.

Gwiwoyin maigidana ba sa son matakala, saboda haka aikin a kaina ya faɗa. A makonnin farko dabarata ɗaya ce: in buɗe gilashin kaɗan, in jefa naman ciki, in rufe da sauri. Na ɗauka haka za mu zauna lafiya, ni ban taɓa shi ba, shi bai taɓa ni ba. Amma kullum abin ƙara muni yake yi. Da ya ji takuna a matakala sai ya fito daga raminsa. Kafin in kai hannu ga gilashin ya riga ya taho a guje ya daki ƙofar da hancinsa, baki buɗe. Har fatar hancin ta ɗan saɓule. Na daina canza masa ruwa yadda ya kamata saboda tsoro, sai dai in tsiyaya masa da buta daga nesa.

Wata safiya na gama gyaran kaji a kicin, na ɗauraye hannu da ruwa kawai, na hau sama. Na tarar bahon ruwansa ya ƙazantu sosai, shi kuma ban gan shi ba, na ce yana cikin ƙasa yana barci. Na tura gilashin a hankali na miƙa hannu zan ɗauko bahon. Ban ga fitowarsa ba. Ji kawai na yi an damƙe mini gindin babban yatsa kamar an maƙe shi da ƙyauren mota. Allah ya taimake ni ban fizge ba, don da na fizge da naman ya tafi da shi. Na tsaya cik ina salati. Ya girgiza kai sau ɗaya, sannan ya saki. Ya ja da baya, ya yi ta fito da harshensa mai baki biyu yana shinshina ƙasa a daidai inda hannuna ya kasance, ya tona nan, ya tona can.

Na naɗe hannun da gefen mayafina na sauko. Maigidana ya kai ni mustausaf ɗin unguwa, ƙaramin asibitin da muke zuwa. Likitan ya tambayi abin da ya cije ni, na faɗa masa, ya sake tambaya, sai da maigidana ya nuna masa hoto a waya. Aka wanke ciwon, aka yi mini allura, aka ba ni magani na sha na wasu kwanaki. An ce ba za a ɗinke ba, a bar shi ya warke daga ciki.

Ina da wata ƙawa a unguwar Misfala, 'yar Damagaram ce, ta girme ni. Ta zo hajji tun da daɗewa ba ta koma ba, tana sayar wa baƙi fura da dambu a bakin wani lungu. Da ta ji labari ta hau tasi ta zo duba ni. Tsakanin Bakano da Badamagare dama akwai wasa, don haka tun daga bakin ƙofa ta fara: wai duk duniya an san damo da haƙuri, sai da ya haɗu da 'yar Kano haƙurinsa ya ƙare. Ta dage sai ta gan shi. Muka hau tare, ta tsaya ta ƙare masa kallo, ta ce wannan a garinsu da tuni ya sha yaji da man gyaɗa, in ba ta shi ta raba ni da wahala. Maigidana yana jin mu daga ƙasa. Da muka sauko ya ce mata, cikin sanyin muryarsa, a cikin harami muke, inda ko tantabara ba a firgitawa, shi ba za a zubar da jinin wannan dabba a gidansa ba. In an gaji da shi a mayar da shi inda aka sayo shi.

Da yamma auta ya kira. Mahaifinsa ya riga ya gaya masa. Ya yi ta ba ni haƙuri, ya ce ƙarshen mako zai nemi izini ya zo ya ɗauke shi, ko kyauta ne ya ba mai shagon dabbobi. Na san yadda yake son abin nan, kuma na san sabon ma'aikaci ba ya fara neman izini tun bai zauna ba. Amma ba wannan kaɗai ya sa na ce ya dakata ba. Tun da na dawo daga asibiti abu ɗaya nake ta juyawa a raina, yadda damon ya sake ni ya koma yana neman abu a ƙasa. Na taɓa ganin kare mai cizo don mugunta, na san yadda idonsa yake. Wannan ba haka ya yi ba. Kaza ya ji a hannuna, ya cafka, ya ji ba kaza ba ce, ya koma neman inda ta faɗi.

Na ce wa auta, "Kai ka koya masa cewa hannu abinci ne. Ni kuma na koya masa cewa ƙofa abinci ce. Ka bar ni da shi tukuna."

Ya ce zai tambayi masu kiwon irinsa, duk abin da ya samu zai faɗa mini.

Hannuna na naɗe ba na iya girki sosai, don haka na samu lokaci. Na ɗauki 'yar kujera na kai ɗakin sama, bayan sallar walaha in hau in zauna da carbina ina kallonsa. Ranar farko ya yi ta dukan gilashi har ya gaji. Da ya ga ba abin da ya faɗo, ya koma ƙarƙashin fitila ya baje. Na lura in ya ƙoshi ya sha zafin fitila, wata halitta ce dabam: ya lumshe ido, ya miƙe ƙafafun baya, ko motsina bai dame shi ba. Na kuma lura ba ganina ne yake tayar da shi ba, ƙarar gilashin ce idan ana turawa. Ko da ƙafa na taɓa ƙofar ta yi ƙara, sai ya zabura.

Auta yana turo mini saƙon murya kusan kullum da abin da ya ji. Wani ya ce a daina ba shi abinci a cikin akwatinsa, a riƙa kai shi wani wuri. Na gwada, na sa safar hannu mai kauri ta maigidana na yi niyyar ɗaukarsa da yunwa a cikinsa in kai shi banɗakin sama. Ya zabga mini wutsiya a hannu, shatin ya kwana biyu bai ɓace ba. Na gaya wa auta wannan shawara ba ta karɓe mu ba. Wani kuma ya ce a ƙara masa abinci ya daina jin yunwa. Shi ma na gwada, sai ya fara ƙiba yana barin saura, amma dukan ƙofa bai daina ba. A ƙarshe abin da ya yi mana aiki haɗe-haɗe ne, wani daga bakin mutanen auta, wani daga zamana a kan kujerar nan, wani daga maigidana.

Abu na farko, na mayar da buɗe ƙofa abin banza. Duk hawan da zan yi, ko shanya ce ta kai ni, sai in tura gilashin in tsaya a gefe da faifan tukunya babba a hannu a matsayin garkuwa. Ya taho a guje ya tarar ba komai. In rufe in tafi. In sake dawowa in buɗe, ba komai. Da farko abin tausayi ne, ya tsaya a bakin ƙofa yana kaɗa harshe yana kallona. Sannu a hankali gudun ya zama tafiya, tafiyar ta zama ɗaga kai kawai.

Na biyu, abinci ya samu alamarsa. Maigidana ne ya kawo wannan. Ya ce a Kudai alhazai ba sa ruguwa kan kowace mota, sai wadda suka ga tutar ƙasarsu a gilashinta, don haka a yi wa damon tuta. Ina da wani jan ludayin roba da ba na amfani da shi. Ranar abinci sai in fara ajiye tiren a can ƙarshen ɗakin, a kan tayil, tun ƙofarsa na rufe. In wanke hannu da sabulu da lemon tsami har gwiwar hannu. Sannan in buɗe, in bar shi ya fito da ƙafarsa, in ƙwanƙwasa ludayin a ƙasa in riƙa ja a gabansa har zuwa tiren. Bai daɗe ba ya gane. In babu jan ludayi, babu abinci, ko da an buɗe ƙofa, ko da an shigo da hannu. In ya gama ci kuma ba na taɓa tiren sai ya juya ya bar wurin da kansa.

In akwai abin da dole sai an miƙa masa, kamar inabi ko ɓaure da yake so, da awartakin garwashi nake miƙawa, irin dogon nan da muke ɗaukar wuta da shi in za a sa turare. Na saya masa nasa dabam. Sau da yawa ya cafki ƙarfen maimakon inabin, ya ji ba daɗi, har ya koyi ɗauka a hankali. Ɓerayen da auta yake ajiye masa a daskare kuwa na ce ba a firijina ba. Na maye su da wuyan kaza da zuciya da ƙundu, da ƙananan kifi da ƙayarsu, da ƙwai, ina barbaɗa wani farin gari da auta ya bari na ƙarfin ƙashi.

Akwai wani tsohon ɗankwalina da na daina ɗaurawa. Auta ya ce in sa masa a cikin akwati ya saba da ƙamshina ba tare da nama ba. Na ji abin wani iri, amma na sa. Washegari na tarar ya ja shi cikin raminsa ya kwanta a kai.

Wani abin ban dariya shi ne lalle. Wata rana an yi bikin 'yar maƙwabta na sa lalle a ƙafa, na hau sama da silifa. Damon yana yawo a ɗakin lafiya lau, sai na ga ya tsaya ya kafe yatsun ƙafata da ido, kansa a karkace. Na san wannan kallon, shi yake yi wa inabi. Na sa faifan a tsakaninmu na ja da baya a hankali. Tun daga ranar na ajiye wasu tsofaffin takalman maigidana masu rufi a bakin ƙofar ɗakin, duk mai shiga sai ya zura.

Kafin azumi ya zo na kai ga ina sa hannu in ɗauko bahon ruwansa yana kwance yana kallona. Wata rana ina zaune a ƙasa ina jan carbi ya tako ya hau cinyata, ya ɗora haɓarsa a gwiwata. Nauyinsa ya ba ni mamaki, fatarsa kuma ba santsi kamar yadda na zata, a bushe take, da ɗumi daga fitila. Ban motsa ba har ƙafata ta yi sanyi. Da na faɗa wa ƙawata ta Misfala ta ce to shi ke nan, Kanawa sun samu jika.

Lokacin hajji abin ya ɗan koma baya. Shisha kusa take da Mina, unguwar takan cika maƙil, kuma bayan salla duk gidan da ka wuce suya ake yi. Mu ma mun yi layya, na shanya nama a rufin bene, 'yan taku kaɗan daga ɗakin damon. Ƙamshin ya hana shi sukuni. Ya koma zirga-zirga a jikin gilashi yana tona kusurwa. A cikin kwanakin ne yayana, wanda ya zo aikin hajji daga Kano a shekarar, ya kawo mana ziyara bayan sun sauko daga Mina. Dattijo ne mai son labari. Mun ci soyayyen nama, ya ji zancen damo, ya ce sai ya gani, shi da ya sha kama su a gonar kakanmu yana yaro.

Muka hau. Ina sunkuye ina miƙa masa takalman rufi sai na ji ƙarar gilashi. Ya riga ya tura ƙofar, hannunsa da maiƙon nama yana shirin shiga. Damon ya taso. Ludayin yana rataye a ƙusa kusa da ni, na fizgo shi na buga a ƙasa da ƙarfi. Damon ya yi turus a bakin ƙofa, ya dubi hannun, ya dubi jan abin, sannan ya sauko ya biyo ni. Na ja shi har ƙarshen ɗakin. Babu tire a wurin, kuma ban so in yi masa ƙarya, don haka na ce wa yayana ya ɗauko tsoka ɗaya daga shanyar, wadda ba a sa wa gishiri ba, ya ajiye a ƙasa daga nesa.

Da muka fito yayana ya dubi hannunsa ya ce, "Wannan ba irin namu ba ne."

Na ce, "Yaya, ko namu ne ai ba ka je masa da maiƙo a hannu ba."

Ya yi dariya ya ce gaskiya ne, da sanda suke zuwa. Na kwashe shanyar na mayar da ita barandar kicin, na koma buɗe ƙofar banza kamar farko. Bai ɗauki lokaci kamar wancan karon ba ya sake natsuwa.

Da sanyi ya shigo, irin ɗan sanyin Makka da ba ya wuce a kashe mukayyif, sai damon ya rage ci. Ina buga ludayi ya ɗaga kai ya mayar. Daga baya ya shige cikin ƙasa ya daina fitowa gaba ɗaya. Hankalina ya tashi, na ce amanar yaro za ta mutu a hannuna. Auta ya ce haka suke yi, barcin shekara ne, in kashe fitila in bar masa ruwa kawai. Duk da haka nakan hau in tona ƙasar kaɗan da yatsa in ga gefen cikinsa yana motsi. Na yi kewar zaman walahar nan fiye da yadda zan iya faɗa wa kowa a lokacin. Da zafi ya fara dawowa ya fito a rame, da yunwa mai tsanani, kuma kwanakin farko sai da na koma riƙe faifai. Na gane abin ba karatu ba ne da ake saukewa a gama, kowace shekara sai an ɗan maimaita.

Auta yakan zo hutu lokaci-lokaci. Zuwansa na farko bayan cizon, ya hau da gudu da inabi a tafin hannu. Na tsayar da shi a matakala na karɓe, na nuna masa sabulu da takalma. Ya ce, "Ummi, ni fa na raine shi." Na ce na sani, amma yanzu a hannuna yake. Ya wanke hannu, ya zauna a ƙasa yadda na ce, na buɗe ƙofa. Damon ya fito ya zagaya shi yana lasar iska, ya shinshina gwiwarsa, sannan ya hau jikinsa ya tura kai cikin hammatarsa. Auta ya yi ta shafa bayansa. Ya ce tunda yake da shi bai taɓa zama da shi haka ba, kullum wasan tsalle ne.

Abin da aka ce kaɗan ya kai shekara biyu da wani abu. Auta ya samu ƙarin matsayi, ya kama gida a Yanbu, aka yi masa aure da wata yarinya 'yar unguwar Jarwal, ita ma jikar Hausawa, mai hankali. Tun kafin biki na kai ta ɗakin sama don ta san abin da za ta tarar. Ta tsaya a bayana ta riƙe mini mayafi, amma ba ta gudu ba. Zuwa na uku ita ta ja ludayin da kanta.

Bayan biki da 'yan makonni muka kai musu damon. An kwance akwatin an ɗora a motar ɗaukar kaya, shi kuma aka sa shi a wani babban kwando mai murfi a kujerar baya kusa da ni, maigidana na gaba, auta na tuƙi. Duk tsawon hanyar damon barci ya yi. Mun kwana biyu a can har aka haɗa akwatin ya shiga ya tona sabon rami. Na nuna wa amarya inda za ta riƙa ajiye tire, na ce kada ta ba shi komai sai ya huce daga tafiya, kuma ranar da ta yi aikin nama ko kifi ta bar mijinta ya canza ruwan. Ta ce in Allah ya so, Mama. Na gargaɗi auta a gabanta cewa in na ga hoton tsalle a waya zan zo da kaina.

A hanyar dawowa ni da maigidana muka hau motar haya. Da muka kusa garin Rabig maigidana ya ce da direban ya tsaya a miƙati, tunda mun daɗe ba mu shigo Makka daga waje ba, bai kamata mu wuce haka ba. Muka yi wanka, ya ɗaura harami, muka yi niyyar umra. Na tura shi a keken guragu wajen sa'ayi saboda gwiwoyinsa, muka gama kafin magariba, sannan muka tsaya a Misfala muka sha fura wajen ƙawata kafin mu wuce gida.